Duhun da Ke Tsakiyar Burtalin Sama

Sau biyu a rayuwata ruwan shuka ya sauka a gonakin garinmu ba wanda ya fita da sungumi. Na biyun shi ne na bana. Wata 'yar garinmu da ke tuyar ƙosai a bakin tasha nan Ƙaura ta leƙo gaishe ni shekaranjiya, take gaya mini an yi ruwa har fadama ta cika, amma daga bayan gari har bakin gulbi babu ramin shuka ko ɗaya. Mutanen daji sun aiko cewa duk wanda suka gani a gona ya kuka da kansa. To wa ma ya rage da zai fita? Wasu suna Shinkafi, wasu suna Zurmi, wasu ga su nan a kangayen mutane, magidanci da gemunsa wanda ya saba cika rumbu uku yana yawo da baro yana neman dako. Ta faɗi wannan tana gyara goyonta, ko a jikinta, ta gaji da kukan abin har ya zame mata hira. Ni kuwa da ta tafi na kasa cin tuwo. Ba na bana ne ya tsaya mini a wuya ba. Na farkon ne, wanda aka yi babu bindiga babu barazana, kuma da bakina a ciki.

Garin namu ƙarami ne, ba zan faɗi sunansa ba, tunda sunan kaɗai ya rage. In na tuna shi ba rana nake tunawa ba, asuba nake tunawa. Kafin ladan ya buɗe baki za ka ji tarin tsofaffi gida gida, sai ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, sai taɓarya ɗaya ta fara daga can ƙarshen gari, wata ta amsa mata, kafin ka ankara gari duk ya ɗauka. Daga rugar da ke bayan gidanmu maruƙa suna kukan iyayensu. Ladanmu ba shi da lasifika, kuma muryarsa kamar ta akuya mai mura, amma ba wanda ya taɓa makara saboda shi. Yanzu a gidan ɗana da nake zaune masallatai biyar ke kiran salla lokaci guda, kowa na son ya danne ɗan'uwansa, ga janareta, ga fitilar sola da ke kwana tana haska tsakar gida kamar an yi mana laifi. Duk da haka ba mai buɗe ƙofa sai gari ya yi haske sosai. Mutum in ya farka da asuba yanzu kunne yake kasawa, yana sauraron ko akwai ƙarar babura da yawa daga wajen gari. Jikokina in ka tambaye su ina gabas sai su duba waya.

Aikina na asuba a lokacin shi ne ruwan alwalar Baba. Shi ne limamin garin, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai Uwata. Hakan ya ba ni wata fada da sauran 'ya'yan gidan ba su da ita. Ni ke shiga ɗakinsa in share, ni ke sauke masa gafakar littattafai daga inda take rataye, ni ke cinye ragowar furarsa, yayyena suna harara. Tun ina 'yar shekara tara nake tashi in hura wuta in ɗumama ruwa in kai masa buta bakin zaure, in tsaya har ya gama.

Bayan limanci Baba yana da wani aiki da ya gada, lissafin taurari. Akwai wasu tsofaffin takardu na kakana, an rubuta taurarin shekara a jere, kowane da kwana sha ukunsa, bakwai na bazara, bakwai na damina, haka har shekara ta zagayo. Manoma ba sa jefa iri sai sun zo zaure sun ji wane tauraro ake ciki. In an matsa masa da tambaya yakan ce, “Ni ban san gaibu ba. Lissahi kawai nika yi, mai ruwa shi ka ba da ruwa nai.” Yaran yanzu da suka yi karatu jiya da yamma sukan ce wannan duk shirka ce, su faɗa suna zare ido, sannan su ciro waya su duba ko za a yi ruwa ranar Laraba. Ni dai ban taɓa ganin Baba ya roƙi tauraro komai ba. Yana dubansu ne yadda mace ke duban inuwar bango ta san lokacin ɗora tukunya.

Akwai kuma abu ɗaya da ba ya cikin takardun, da baki ya karɓe shi daga mahaifinsa. Da bazara, in ka fito kafin alfijir sama tana fes, za ka ga wani farin zane ya ratsa ta daga kudu ya haura bisa kai ya yi arewa, kamar an zubar da gari a kan baƙin zane. Arɗon rugar bayan gidanmu, aminin Baba ne tun suna samari, shi yake ce masa burtalin sama, mu ma muka ɗauka daga bakinsa. A tsakiyar wannan farin akwai wani dogon duhu da ya tsaga shi biyu, wuri ya yi faɗi wuri ya tsuke. Kakana ya bar wa Baba magana cewa shekarar da aka yi babbar yunwa a zamaninsa, duhun nan ya buɗe ya ci farin. Saboda haka in an ga ya buɗe, ruwan farko yaudara ne, zai sauka a yi shuka sannan ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa. Shekara da shekaru Baba yana fitowa ya duba, ya ce alhamdu lillahi yana nan yadda yake, a wuce wurin. Ni da nake tsaye da buta a gefensa na haddace siffar duhun nan kamar yadda na haddace tsagar fuskar Innata.

Shekarar da abin ya faru ina wajen sha uku. Daminar da ta gabata ba ta yi auki ba, kowane gida irin shuka ɗaya ya iya ɓoyewa, an rataye shi a madafa inda hayaƙi zai kare shi daga ƙwari, uwar gida tana gadinsa daga 'ya'yanta. Kuma a wannan ranin ne na fara lura da abin da ba wanda ya lura da shi. Baba zai miƙa hannu ya ɗauki buta sai ya kama iska a gefenta. In zai yi karatu sai ya fito da littafin tsakiyar rana ya kawo shi dab da hanci. Rannan ya gaishe da turmi, ya ɗauka Inna ce a tsugune. Ya yi dariya ya ce tunani ne ya yi masa yawa, ni ma na taya shi. In rana ta bugi fuskarsa ina ganin wani fari-fari a ƙwayar idonsa. Ban gaya wa kowa ba. A garinmu limamin da ba ya gani ya zama abin tausayi, kuma Baba mutum ne da ya fi son ka zage shi da ka ji tausayinsa.

Wata asuba na kawo ruwa na same shi tsaye a fili, kansa a sama, ya daɗe a haka.

Ya ce, “Uwata, aje butar ki taho nan. Ɗaga kanki. Kin ga burtali?”

Na ce na gani.

Ya ce, “Ni ina ganin duhun ga ya buɗe bana, ya ci hwarin ta ko'ina. Amma idona ya hwara yi man gardama kwanan ga. Ke naki sabo na. Duba da kyau ki hwaɗa man, ya ƙaru ko shina nan yadda shike?”

Na duba. Wallahi na duba da kyau. Yana nan yadda na san shi, faɗinsa da tsukewarsa, farin yana ƙyalli gefe da gefe har ka ce za ka iya ɗebowa. Ban yi dogon tunani ba, kada in yi wa kaina ado. Abin da na gani kawai shi ne in na ce bai ƙaru ba, to na ce masa, Baba ka makance, kuma ni 'yar shekara sha uku ce zan faɗa masa, a tsaye, kafin salla. Na ji muryarsa tana rawa a wurin da ya ambaci idonsa. Sai bakina ya ce, “Ya ƙaru, Baba.”

Ya sauke wata ajiyar zuciya da har yau ina jin ta. Mutum an gaya masa yunwa na tafe, amma abin da ya fara ji sauƙi ne, domin idonsa ya fita daga zargi. Ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka. Na koma madafa ina jin daɗi, ina ganin na yi abin kirki. Na ɗauka maganar ta mutu a nan, irin ƙaryar da ake yi wa mara lafiya a ce ya yi kyan gani.

Kwana bakwai yana tambayata, kwana bakwai ina amsa masa da abu ɗaya, don wanda ya ce ya ƙaru jiya ba shi da bakin cewa ya koma yau. A rana ta takwas bayan an sallame sallar asuba ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci. Ina bayan darni ina shara, ina jin komai. Ya gaya musu abin da ya gani da abin da mahaifinsa ya bar masa. Ya ce tunda irin shuka ɗaya ke hannun kowa, shawararsa kada a bi ruwan farko, a daure har tauraro na huɗu na damina ya kama, wanda ake ce wa Nasara, kusan kwana arba'in ke nan. Sai na ji muryar Arɗo, a hankali, yadda yake magana kullum kamar yana tsoron tada jariri.

Ya ce, “Liman, ni dai ƙarƙashin abin ga nika kwana kullum. Ban ga ya sake ba.”

Baba ya ce, “Ba idona kaɗai na ba, Arɗo. Na sa an duba man.”

Arɗo ya ce, “To. Kai ad da littahi.”

Mutane suka watse. Na tabbata a cikin mutanen nan akwai goma da suka fita washegari suka ɗaga kai suka ga abin da na gani. Amma wa ya san yadda yake bara in ba wanda ya saba dubawa ba? Kuma wa zai ce wa Liman idonsa ya yi ƙarya? Haka muke, kunya ta yi mana yawa har ta zama cuta. Ni kuwa tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

Ruwa ya zo da wuri, kuma ya zo da gaske. Na tuna ƙararsa a kan jinka, da ƙamshin ƙasa, da kwaɗi da suka cika dare da surutu, da yara suna kamun shinge a kwano. A kowace shekara washegarin irin wannan ruwa gari kan zama fanko, maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. A wannan shekarar sai ga magidanta zaune a ƙofar gida, sungumi jingine da bango, suna kallon ƙasa tana shan ruwa. Aka yi na biyu, aka yi na uku. Mutanen Badarawa da ke ratsawa ta garinmu zuwa kasuwa suka fara yi mana tsiya, suna tambaya ko takarda muke jira daga sama. Geronsu ya kai tafin hannu, namu yana rataye a hayaƙi. Arɗo bai yi gardama da kowa ba, ya shuka 'yar gonarsa ta gefen ruga da ruwan farko, ya ci gaba da kawo wa Baba nono kamar ba abin da ya faru.

Inna mace ce da ba ta sa baki a sha'anin zaure, tana kuma goyon ƙanwata a lokacin, 'yar wata biyar. Rannan ta ajiye wa Baba tuwo, maimakon ta juya sai ta tsaya.

Ta ce, “Liman, ƙasa ta jiƙa har gwiwa hwa.”

Ya ce, “A ƙara haƙuri. Ɗaukewar na nan tahe.”

Sau ɗaya na yi niyyar faɗa. Na kwana ina shirya kalmomin, na kawo buta da asuba, sama ta rufe da hadari ba tauraro ko ɗaya. Na buɗe baki ke nan sai ya riga ni. Ya ce, “Uwata, da ba don ke ba da na yi ta shakkar kaina. Mutane na ganin na cuce su, amma za su gode.” Na zuba masa ruwa a hannu na koma. Wannan asubar ta fi ta farkon nauyi a wurina, domin ta farko yarinya ce ta yi ta cikin tausayi, wannan kuwa matsoraciya ce ta yi ta, ta san abin da take yi.

Ɗaukewar ba ta zo ba. Wajen kwana talatin maza suka fita gona ba tare da sun biyo ta zaure ba, Baba ma ya ba yayyena iri ya ce su je. Ciyawa ta riga ta kama ƙasa, aka sha wuya kafin a ga bayanta. Gero ya tashi da kyau, har mutane suka fara sakin fuska. Yana fitar da kai ruwa ya tsaya, a lokacin da ya saba tsayawa ko ma da ɗan sauri. Waɗanda suka bi ruwan farko suka yi girbi. Mu muka samu kara mai tsawo da zangarniya wadda in ka murza a hannu sai ƙaiƙayi.

Ba na son dogon bayani a kan wannan rani. Taɓarya ta daina amsa wa taɓarya da asuba. Muka ci ganyen tafasa har ya ƙare, muka ci dusa, mata suka riƙa tona gidan tururuwa suna kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara. Maza suka watse tun kafin lokacin cin rani, wasu suka zo nan Ƙaura dakon buhuna a tashar jirgi. Arɗo ya aiko mana da dami biyu cikin duhu, a kan jaki, don kada a gani Baba ya ji kunya. Nonon Inna ya ƙafe. Ƙanwata ta yi ta kuka, daga baya ta daina kukan, wannan ya fi muni. Ta rasu da sanyi, a bayan Inna, sai da aka zo sauke ta aka sani. Ban ƙirga na sauran gidaje ba, amma na san hanyar maƙabarta ba ta yi ciyawa ba a shekarar.

Kafin wata damina idon Baba ya fito fili, ba sauran ɓoyo. Ya ajiye limanci da kansa kafin a ce ya ajiye. Zaure ya koma wurin kwanan awaki. Na ji da kunnena wata mata a bakin rijiya tana cewa ashe makaho suka bi, ta gan ni ta ƙara ɗaga murya. An tambayi Baba wa ya duba masa, ya ce wannan tsakaninsa da Allah ne, shi ya yi magana a ƙofar masallaci ba wani ba. Inna ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ta ci gaba da yi masa tuwo da wanki, amma hira ta mutu tsakaninsu. Sai ta juyo da duk son da ya rage mata kaina. Komai ni, shawara ni, kuka a kafaɗata. Ina karɓa ina jin kamar ɓarauniyar da aka ba ajiyar makulli.

Abin da na riƙe na rayu da shi wani ɗan zato ne. Nakan ce wa kaina, wa ya sani, wataƙila ya ƙaru kaɗan ni ce ban lura ba, wataƙila ƙaryar tawa ta yi daidai da gaskiya, Allah ne kawai ya sauya hukuncinsa. Da wannan zaton na yi aure, da shi na haifi 'ya'ya biyu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Ƙaura, mutum mai son a tambaye shi abu fiye da yadda yake son nama. Wata la'asar ina tsintar shinkafa yana duba takardun ɗalibai, sai na jefa masa tambayar kamar da wasa. Na ce, “Malam, wai duhun nan da ar raba hwarin sama, rami na ko mi?”

Ya ajiye jan biro, na san na tsokano. Ya ce farin nan taurari ne da ba su ƙirguwa, nisa ya sa suka haɗe kamar gari, kuma ranarmu ɗaya ce daga cikinsu. Ya ce tsakanin tauraro da tauraro ba fanko ba ne yadda ido ke gani. Akwai wata iskar gas da ta bazu ko'ina, ba irin wadda ake shaƙa ba, mafi yawanta haidirojin, siririya ƙwarai har in ka tara ta cikin ɗakin nan duka ba ta kai numfashin sauro ba. A cikinta kuma akwai wata ƙura mai laushi kamar ta baƙin tukunya. Na ce to abin da bai kai numfashin sauro ba ya za a yi ya rufe tauraro? Ya ce in tuna hayaƙin girki da yamma, in ka kama shi a hannu ba komai, amma in kana tahowa daga Kasuwar Daji ka hango gari, gidajen can ƙarshe sun ɓace a cikinsa. Yawan nisan da hasken ke ratsawa shi ke tara abin. Inda iskar ta taru ta yi kauri ta yi sanyi, sai ƙurar ta tare hasken da ke bayanta, mu ga duhu. Taurarin suna nan a baya, ba ɗaya da ya ɓace. Har ya ce a cikin irin wannan duhun ne iskar ke dunƙulewa sababbin taurari su kama wuta, tsofaffi kuma in sun mutu su mayar da tasu iskar cikinsa.

Na bar shi ya gama, sannan na yi tambayar da na zo da ita. Na ce, “Shina ƙaruwa wata shekara?”

Ya yi dariya. Ya ce, “Shina motsi, amma ba a kwanakinmu ba. Daga kakan kakanki har jikan jikanki, ido ba shi ganin ya matsa ko da hwaɗin gashi. In an ga ya sake, to ƙurar sararinmu ta, ko hasken wata, ko idon mai duba.” Ya ɗauki bironsa ya ci gaba da aiki. Bai san abin da ya yi ba, bai kuma taɓa sani ba har ya koma ga Allah. Na zauna da faifan shinkafa a cinya, ɗan zaton da na yi shekara goma ina lallaɓawa ya tafi. Na ji haushinsa ranar, na ji haushin littafinsa, har tuwon dare na ƙona.

Sati bai cika ba na ce ina son ganin gida. Na sami Baba da hantsi a gindin durumin ƙofar gida yana tufka igiyar rama, aikin da ya koma yi ke nan da hannu tunda ido ya tafi. Ya gane ni da takuna. Bayan gaisuwa na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na faɗa masa duka ba tare da na tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan ci gaba ba. Na ce bai ƙaru ba, Baba, ko rana ɗaya bai ƙaru ba, na gani da idona na ce maka ya ƙaru. Hannunsa bai daina tufka ba.

Sannan ya ce, “Na sani, Uwata. Tun ruwa na ukku nis sani.”

Na ce, “To don mi ba ka hwaɗi ba, aka yi ta zaginka kai kaɗai?”

Ya ce, “In hwaɗi mi? Ga Arɗo nan, idonai ya hi na kowa a ƙasar ga, taki goma tsakaninmu. Ban tambaye shi ba. Ga yayyenki maza. Ke nit tambaya, don na san ke ba ki iya ce man na makance. Amsar da nika so ita niz zo nema, kin ko ba ni. Ke yarinya ta. Ni ad da gemu.”

Na dubi fuskarsa ina neman in gane ko gaskiya yake faɗa ko sauke mini kaya yake yi, amma farin ido ba ya nuna komai. Na yi kuka, ya bar ni na yi. Da na tashi zan shiga cikin gida sai ya laluba ya kama bakin zanena.

Ya ce, “Abu guda. Kak ki hwaɗa ma innarki. Ta rasa ɗiya guda ga abin ga, ta rasa miji shina zaune. Ke ɗai tar rage mata. Ki bar mata ke.”

Na yi masa alkawari. Ya rasu da bazarar da ta biyo, Inna ta dawo wurina nan Ƙaura, muka zauna ɗaki ɗaya shekara ashirin da wani abu. Duk shekara in sanyi ya shigo sai ta lissafa shekarun da ƙanwata za ta kai da tana raye, ta ce da yanzu ta zama budurwa, da yanzu ta yi aure, da yanzu tana da nata. Wani lokaci ta ce Allah ya yafe wa Liman, ita dai ta yi ƙoƙari. Wani lokaci kuma, in abin ya motsa mata, ta ce ita ba Liman ne ya fi tsaya mata a rai ba, wanda ya duba masa ne, mai ido lafiyayye da ya ga gaskiya ya rufe baki, tana son ta san ko wane ne kafin ta mutu. Ina zaune ina matsa mata ƙafa.

Ranar da za ta cika, da rana tsaka, kanta yana kan cinyata. Ta kama hannuna ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ko da yake ba ta san abin da za ta yafe ba, don tunda ta haife ni ban taɓa ɓoye mata komai ba. Ta ce Allah ya ba ni 'ya'yan da za su yi mini yadda na yi mata. Matan da ke ɗakin suka ce amin. Suna kallona, ni ma na ce amin.